Ofishina a Bayan Mota

Ƙarfe biyar da rabi, duhu bai janye daga gonakin almon ba,
na murza makulli, motar ta yi tari uku kafin ta yarda.
Ofishina yana but:
kwali biyu na takardun jarrabawa,
takalmin canji, jan biro, da rabin burodin jiya.

Kwaleji uku nake koyarwa a wannan kwarin na Kalifoniya.
A ta farko sunana, Noreen Tashjian,
da fensir aka rubuta shi a jikin ƙofa.
A ta biyu malamar wucin gadi ce ni,
shekara goma sha ɗaya ke nan,
wucin gadin da ya girmi 'yata.
A ta uku mai gadi har yau
yana tambayata wa na zo ɗauka.

Amma ku shigo aji na ƙarfe bakwai.
Ga Pakou Vang, daga masana'antar kaji ta taso,
warin sabulun wanke injin bai bar hannunta ba,
tana gyangyaɗi, tana farkawa daidai kan amsa.
Ga Gurleen da jariri a ƙirji,
tana rubutu da hagu don dama na jijjiga shi.
Ga Ezequiel Barajas, shekara hamsin da biyu,
tirela ta cinye masa baya,
ya ce lissafi ya kore shi daga makaranta yana yaro,
ya dawo su ƙarasa maganarsu.

An ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ni da me zan ja?
Awa ɗaya ta rage min in cancanci inshorar lafiya,
awa ɗaya tak,
kuma wanda ya tsara jadawalin ya iya lissafi, ba kuskure ya yi ba.
Haƙorina na hagu ya san wannan.
Da dama nake tauna tun bazara.

Ana kiran taro ranar Alhamis kan nasarar ɗalibai,
akwai kofi, akwai majigi, akwai zane mai hawa sama.
Ba a biyan mu kuɗin zama.
A lokacin ma ina kan titi,
tsakanin wata kwaleji da wata,
ina cin abincin rana da hannu ɗaya.

Jiya saƙon Mista Prewitt ya shigo, da ladabinsa:
ajin zango mai zuwa yana buƙatar mutum goma sha biyar,
sha huɗu suka yi rajista,
don haka, da baƙin ciki.
Na ƙirga sunayen sau uku
kamar mai neman tsabar da ta faɗa ƙarƙashin kujera.
Sha huɗu.
Kuɗin hayar watan Fabrairu ke nan ya tashi,
da ajin da zai kai Pakou karatun jinya.

Yau ban faɗa musu ba.
Na rubuta kashi biyu bisa uku a raba da kashi ɗaya bisa shida,
na juya baya ina goge allon da babu komai a kai.
Shiru.
Sai kujera ta yi ƙara.
Ezequiel ya miƙe, hannu a ƙugu,
ya taka a hankali, ya karɓi alli,
ya rubuta huɗu.
Ya tsaya yana kallonta
kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin gaba a kasuwa
ya ga ashe shi ma ya tsufa.

Ƙarfe tara na dare, filin ajiye motoci ya watse.
Na kunna 'yar fitilar saman kaina,
na ɗora kwali a kan sitiyari.
Takarda sittin da ɗaya ta rage.
Ta Gurleen ce a sama,
da tabon madara a gefen tambaya ta biyar,
kuma ta ci tambayar.